Daga allon lissafi zuwa karar shanu

Ranar da na fara shakkar karatun da nake yi, ko saniya ɗaya ba a sauke a gaban rumfar Babanmu ba. Ƙarshen watan Fabrairun 2021 ne, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, lokacin da ƙungiyar fataken abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu. Tireloli sun yi cirko-cirko a Jebba, tumatir yana ruɓewa a Arewa, nama kuwa a Legas sai mai rabo. Kusan mako guda aka yi a haka. Ni kuma na gama rubuta kundin digirina na biyu a fannin lissafi, ina jiran ranar da za a kira ni in kare shi, don haka kullum da safe sai in gangara Oko-Oba, inda mayanka da karar shanun Agege suke a Legas, in taya Baba zama. Ba ciniki, sai hira.

Baba fatoma ne. Falke ya kawo shanu daga Arewa ya sauka a hannunsa, shi zai samo mahaucin da zai saya, shi zai tsaya a kan bashin, sannan la'adarsa ta fita. Tun kafin a haife ni a Agege yake wannan sana'a. A makon nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwata. Da 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai, yana zaune a kan benci, ya san kowace mota ta mutanensa inda ta tsaya. Wannan an yi mata lodi ranar Laraba a Potiskum, waccan ta taso daga Maigatari bayan kasuwar Alhamis, wata kuma shanunta sun ci kasuwar Wudil ranar Juma'a, ba su sayu ba aka juyo da su. Ya san waɗanda aka haɗa da shanun ƙetare, ya san waɗanda suka kwana uku a tsaye ba ruwa.

"Abba," ya ce mini, domin sunan mahaifinsa na ci, ba ya faɗin sunana, "in an buɗe hanya, ka tsaya ka ji yadda shanun ke tari. Akwai tarin wahala, akwai tarin ciwo. Na wahala kwana biyu ya wuce."

Sai na tuna kundina. Abin da ya ja ni zuwa lissafin cututtuka tun farko shi ne Ebola ta 2014, ina aji biyu a jami'a. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu, ciki har da Dakta Ameyo Adadevoh wadda ta hana mara lafiyar farko fita daga asibiti. Na ɗauka lissafi ne zai ceci irin wannan rana. Na koyi tsarin da Kermack da McKendrick suka fito da shi a 1927, wanda ke raba jama'a gida uku: masu iya kamuwa, masu ɗauke da cutar, da waɗanda suka warke ko suka mutu. Tsari ne mai kyau, har gobe ina ƙaunarsa. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani zato, cewa kowa yana cuɗanya da kowa daidai wa daida, kamar sukari a cikin shayi. A Najeriya kuwa abin da ya tsayar da Ebola shi ne bin sawun mutum kusan 900 gida-gida, ana auna zafin jikinsu har kwana 21. Wato wa ya taɓa wa. Ga shi Baba, wanda bai taɓa shiga aji ba, yana riƙe da irin wannan ilimi a kansa game da shanu, ni kuma na cika shafi tamanin da lambobin da rabinsu na rubuta a gefensu cewa ƙiyasi ne.

Bayan na kare kundin, hanyoyi uku suka buɗe mini.

Ta farko ba ta da dogon labari. Abokina da muka yi hidimar ƙasa tare yana aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya da ke Yaba, ya ce suna neman mai iya sarrafa alƙaluma, albashin wata ɗaya ya fi abin da ƙaramin malamin jami'a zai tara a wata uku. Na je an gwada ni, na ci. Na nemi su ba ni lokaci. Ba su ba ni ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ta biyu ita ce ta malamin da ya duba kundina, dattijo Bayarabe, mutumin kirki wanda ba ya ɓoye wa ɗalibi gaskiya. Ya ce in zauna a sashensa in yi digiri na uku a kan abin da na riga na iya. Hanyar sananniya ce ga duk wanda ya yi wannan fanni: ka ɗauki tsarin nan mai gida uku, ka ƙara gida ɗaya ko biyu, a ce na waɗanda aka killace ko na waɗanda aka yi wa rigakafi, ka fitar da lambar yaɗuwa, wato adadin waɗanda mai cutar ɗaya zai shafa wa, ka tabbatar da cewa in ta gaza ɗaya cutar za ta mutu, ka zana hotuna a kwamfuta, takarda ta fita. Ka canza sunan cutar, wata takardar ta fita. A shekara uku ka gama. Da na faɗa masa abin da ke raina game da shanu, sai ya cire tabarau ya ce, matsala ba ta da sashe, amma albashi yana da shi. Duk ranar da za a ɗauke ni aiki ko a ƙara mini girma, mutanen sashe ɗaya ne za su zauna a kaina, kuma da ma'auninsu za su auna ni. Na ji haushin maganar a lokacin. Ita ce kuwa maganar da ta fi yi mini amfani a duk wannan tafiya.

Ta uku Baba ne ya haɗa ta ba da saninsa ba. Akwai wata likitar dabbobi da kan zo mayanka da asuba tana ɗibar samfur daga huhu da kaluluwar shanun da aka yanka, tana bincike a kan tarin fuka na shanu. 'Yan kara suna ce mata Dakta, suna gaisawa, amma in ta fito da takarda sai kowa ya tuna yana da uzuri. Baba ya ce mata yana da ɗa ɗan boko da ke zaman banza, ya taya ta tafinta.

A nan ne na fahimci girman abin. Ƙwayar da ke sa shanu tarin fuka 'yar uwar ta mutane ce, kuma tana kama mutum, galibi ta hanyar madarar da ba a tafasa ba, ko ta mu'amala da dabbar da gawarta. Na'urar GeneXpert da ake gwajin majina da ita a asibitocinmu tana gane tarin fuka, amma ba ta bambance na shanu da na mutane. Sannan ƙwayar shanun, bisa halittarta, ba ta jin pyrazinamide, ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara ba mai tarin fuka. Najeriya kuwa tana sahun gaba a Afirka wajen yawan masu wannan ciwo. Likitan mutane yana ganin mara lafiya bai ga saniyar ba, likitan dabbobi yana ganin saniyar bai ga mahaucin ba. Ga kuma bakkale, wanda ke sa saniya ɓari da kumburin gwiwa, in ya kama mutum sai ya yi ta zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, ana ta ba shi maganin maleriya da na taifot. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin yaƙi da tarin fukan da ake ɗauka daga dabbobi a 2017, Najeriya ma ta ƙaddamar da nata shirin haɗa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a 2019. A takarda an haɗa su. A ƙasa kowa yana ofishinsa.

Abin da ya kama ni dai ba ƙwayar cutar ba ce, wani gurbi ne a takardar Dakta. An rubuta a kansa, da Turanci, asalin dabba. Tana tambaya, ina fassarawa: "Daga ina saniyar nan take?" Wani ya ce Arewa. Wani ya ce Kano. Ta rubuta Kano. Ni kuwa na san mutumin, na san ba ƙarya ya yi ba, kuma na san saniyar ba ta Kano ba ce. A bakin ɗan kara, "daga ina" tambaya uku ce a dunƙule: inda aka haifi dabbar, karar da aka saye ta, da tashar da aka yi mata lodi. Ana iya haifar saniya a Nijar, ta shigo ta Maigatari, wani ya saya ya yi mata turka wata huɗu a bayan gidansa, ta ci kasuwar Wudil, sannan ta hau tirela. Falke zai faɗi inda ya biya kuɗi, direba zai faɗi inda ya ɗauko kaya, mahauci kuwa zai kalli ƙaho da launi ya ce wannan Bokoloji ce, ta wajen Sakkwato, waccan ja mai dogon ƙaho Rahaji ce. Duk taswirar cuta da aka gina a kan gurbin nan ɗaya, taswirar tashoshin mota ce. Da na yi wa Dakta wannan bayani ta daɗe tana kallon tarin takardun da ta cika cikin shekara biyu ba ta ce komai ba.

To amma sha'awa daban, zaɓin sana'a daban. Na yanke wa kaina sharaɗi: ba zan zaɓi fanni saboda daɗin karanta shi ba, sai na ɗanɗana aikinsa mai gundura. Kowane ilimi yana da ɓangaren da ake ba da labari da kuma ɓangaren da ake yi kullum, kuma na biyun ne rayuwarka. Na ba kaina wata shida.

Na sayi takalmin roba, na riƙa tashi kafin kiran assalatu. Na koyi yadda ake tsaga kaluluwa, yadda ƙullin tarin fuka yake, rawaya-rawaya kamar cuku, in wuƙa ta ratsa wanda ya daɗe sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar ta shiga yashi. Na bi samfur zuwa ɗakin gwaji, inda na tarar ƙwayar nan ba ta da gaggawa ko kaɗan, ana iya jiranta mako takwas kafin ta tsiro. Wata rana wuta ta ɗauke a ƙarshen mako, janareto bai tashi ba, aikin wata biyu ya bi ruwa. Mai kula da ɗakin ta yi tsaki ɗaya, ta wanke kwalabe, ta fara daga farko. Ni kwana uku ban ci abinci da daɗi ba. Na kuma lura cewa hannuna ba na wannan aiki ba ne. Ina fasa abu, ina manta rubuta lamba a jikin kwalba. Amma in aka ba ni tarkacen bayanai masu gurabu da kurakurai, zan kwana a kansu ban san dare ya yi ba. Wata shidan bai cika ba na san amsar: ba zan taɓa zama likitan dabbobi ko masanin ƙwayoyin cuta ba, kuma in na yi ƙoƙarin zama rabi-rabi, jemage zan koma, tsuntsaye su ce ba nasu ba ne, dabbobi su ce ba nasu ba ne. Taura biyu ba ta taunuwa. Gidana lissafi ne. Tambayar ce kawai za ta fito daga kara.

A cikin wannan lokaci wani malamin ilimin zamantakewa ya ara mini littafin Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan Sabo a Ibadan da yadda suke tafiyar da cinikin shanu da goro. Na karanta shi a cikin motar BRT ina dariya ni kaɗai, domin sana'ar Babana ce Bature ya zauna ya zayyana, maigida da baƙonsa da bashin da ke tafiya a kan amana. Tun ina yaro nake ɗan jin kunyar warin kara a jikin rigata in na shiga aji. Ashe abin da nake gudu, wani ya tsallako teku ya yi suna da shi.

Rajista ce ta kusa karya ni. Jami'armu ba ta da tsangayar likitancin dabbobi, sai ka je Ibadan ko Abeokuta, can kuma digirin farko na fannin ake fara tambaya. Sashen lafiyar al'umma suka ce in fara komawa in yi digiri na biyu irin nasu. Na dawo sashen lissafi, na tsaya gaban malamai na gabatar da ƙudurin bincikena, ina ta bayanin kasuwanni da tireloli. Da na gama, wani farfesa ya ɗaga hannu ya ce labarin ya yi daɗi, amma ina lissafin? Aka ce in je in gyara. Na fito ina huci, na ce ba su fahimce ni ba. Sai da na huce na ga cewa tambayarsa tana kan hanya. Na kawo musu matsala ne ban kawo abin da lissafi zai ƙaru da shi ba. Wata biyar na yi ina neman inda zaren yake, har na same shi a gurbin nan dai na asalin dabba: yaya za ka ƙiyasta yaɗuwar cuta a kan hanyoyin da ke haɗa kasuwanni alhali ba ka da tabbacin inda kowace dabba ta fito, sai amsoshi uku masu saɓani, kowace da irin gaskiyarta? Wannan tambaya ce ta lissafi tsantsa, ana bin ta ta hanyar Bayes, inda ake auna kowace shaida gwargwadon ƙarfinta maimakon a zaɓi ɗaya a zubar da saura. Da na koma da ita, farfesan da ya kayar da ni shi ya fara cewa a amince. Tsohon malamina ya zama babban mai duba aikin, Dakta ta zama ta biyu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya cinye mini sauran shekarar.

Akwai ƙananan abubuwan da ba wanda ya gargaɗe ni a kansu. Izinin ɗa'ar bincike sai da na nema a wuri biyu, na dabba daban, na mutum daban. Kwamitin mutane ya ce dole kowane falke ya sa hannu a takardar amincewa. A kara ana sallama shanun miliyoyin naira da baki kawai, a tafa, shi ke nan. Ka miƙa wa irin wannan mutum biro, ko dai ya ɗauka haraji ne ke tafe, ko ya ɗauka ba ka yarda da maganarsa ba, wanda ya fi muni. Na rubuta wasiƙa ta bayani har sau biyu kafin a yarda in riƙa karanta musu da Hausa su amsa da baki a gaban shaida.

Sai wallafa takarda. A wurin masu lissafi tsantsa an saba jera sunayen marubuta bisa haruffa, ba babba ba ƙarami. A wurin likitoci sunan farko na wanda ya yi aikin ne, na ƙarshe na maigidan bincike, kuma ana iya ɓata shekara ana gaba a kan wannan. Takardarmu ta farko tana da sunaye bakwai, domin ba a raba mai ɗibar samfur da mai gwaji da mai lissafi. Malamina ya duba ya ce in an zo rabon maki wajen ƙarin girma, abin da zai iso gare ni bai kai na takarda ɗaya da zan rubuta ni kaɗai a kan tsarin nan mai gida uku ba. Mujallar lissafi ta dawo da ita ta ce ta yi kama da rahoton kasuwa, ta dabbobi ta riƙe ta wata da watanni tana neman wanda zai iya duba lissafin. Kuɗin wallafa kuma da dala ake biya, ga shi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dalar ta wuce inda ɗalibi zai hango ta. Yanzu dabarata ita ce duk aiki ɗaya in fitar da shi gida biyu: hanyar lissafin ga mutanen gidana, abin da aka gano ga likitoci. Aikin ya ninka, amma ban ga wata mafita ba.

Ba zan ce ban yi asara ba. Abokin nan nawa na Yaba ya sayi mota, ya yi aure, ya koma Lekki. Waɗanda suka zauna a lissafi tsantsa sun wuce ni nesa a abubuwan da a da ni ke koya musu. Kwanan baya na buɗe wani tsohon littafina na aji huɗu na ga kamar wani ne ya yi rubutun gefen. Da aka je neman aurena, kawun yarinyar ya tambayi aikina, Kawuna ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce malamin shanu ne amma na kwamfuta. Innarmu har yau tana cewa da ta san ƙarshen bokon kara ce, da tun ina shekara goma aka ba ni sanda aka huta.

Abin da nake kai yanzu ya fito ne daga ƙarƙashin gadon Baba. Wata rana ina ƙorafin cewa bayanan da nake da su na shekara biyu ne kacal, ba za su nuna yadda hanyoyin suke canzawa ba, sai ya sa ƙanena ya jawo wata tsohuwar adaka. Littattafai ne irin na 'yan makaranta, cike da rubutun ajami, shekara da shekaru: sunan falke, garin da ya taso, yawan shanu, mahaucin da ya ɗauka, abin da aka biya, abin da ya rage. Da watannin Musulunci yake rubuta kwanan wata. Na miƙa hannu zan ɗauki hoto da waya, ya rufe adakar.

"Bashin mutane ne a ciki," ya ce. "Wasu sun rasu, 'ya'yansu ba su san iyayensu sun ci bashi ba. Ba za ka zuba wannan a kwamfuta ba."

Muka daidaita. Duk ranar Lahadi bayan la'asar, in kasuwa ta lafa, sai ya buɗe littafi ɗaya a kan cinyarsa, ya rufe layin sunaye da na kuɗi da tafin hannunsa, ya riƙa karanta mini gari da wata da adadi, ni kuma ina bugawa. In na tambaye shi ko garin nan na saye ne ko na lodi, yakan tuna, wani lokaci har da launin shanun.

Lahadin da ta wuce muka kai littafin 2014. Gamboru na fitowa kusan a kowane shafi a shekarun baya, sai ga shi ta fara yin wuya. Ya zo kan wani layi ya yi shiru. Ya ɗage hannunsa daga kan sunan, ya karanta shi a hankali, ya ce mutumin ya koma gida da niyyar dawowa karɓar cikon kuɗinsa, aka kai hari garin a watan nan, har yau ba wanda ya zo. Kuɗin suna nan a ajiye.

"Kar ka rubuta wannan."

Na rubuta Gamboru, Rajab, shanu goma sha ɗaya. Ya lashi yatsa ya juya shafi.